Nonon Matar Wana

Na haifi 'yata ta fari a gidanmu, wani ƙauye da ke bayan Sara a ƙasar Gwaram, shekarar da aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira da kwabo. Lokacin ma muna cikin Jihar Kano. Mijina yana leburanci wajen masu shimfiɗa kwalta, aikin da ya kwashe samarin garinmu a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo. Ya zo suna, ya ci naman rago, ya koma bakin aikinsa. Aka bar ni a hannun Iya, mahaifiyata, ina wankan jego: tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa har sai ya gundure ni, da gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

A wurinmu ba a nuna son ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa sai an miƙo mata, in an miƙo ɗin ma ta kau da kai kamar an sa ta dole. Alkunya ke nan, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, don haka Iya ta yi wa wana, haka kakata ta yi wa Iya. Ƙofa ɗaya tak aka bar mini, ita ce shayarwa. Yarinya za ta yi kuka, Iya ta ce, "Ungo, ba ta," in ɓata fuska in karɓa, alhali tun ɗazu abin da nake jira ke nan. Sai in ja mayafi in rufe mu. A ƙarƙashin mayafin nan nake shafa kunnenta, in sa yatsana a tafin hannunta ta damƙe. Iyakar rabona da ita ke nan, kuma yana isata.

Ba mu yi arba'in ba kan nonona na hagu ya tsage. Na ɓoye, don ban ga bakin da zan faɗa da shi ba. Daga nan gefensa ya yi tauri, ya yi ja, ya ɗau zafi, ko zani ya goge shi sai na ciji leɓe. Zazzaɓi ya rufe ni, ina kan gadon wuta ina kaɗa haƙora. Iya ta gasa da tsumma, ta shafa jar kanwa, ta daka wani ganye ta manna. Kumburin ko gezau bai yi ba, sai ma ya ƙara tashi yana sheƙi, yana zuga kamar ana buga ganga a ciki.

Aka kira unguwarzomar da ta yanke wa yarinyar cibiya. Ta sa na tatsa a ludayi, ta aika aka kamo tururuwa ta zuba a ciki. In sun iyo sun fita, nono lafiya lau, in sun mutu a ciki, mugu ne. Muka zuba ido, ni da Iya da ita. Abin da na tatsa ya yi kauri, ya sirku da ruwan ciwo, ina tururuwa za ta iya iyo a ciki? Suka ɗan yi mutsu-mutsu suka tsaya. Tsohuwa ta kife ludayin a ƙasa, ta ce nonona ya ɓaci, da na hagun da na daman duka, tunda daga jiki ɗaya suke fitowa. Ta ce in ana son yarinya da rai a nema mata wani.

Ba a yi nisa wajen nema ba. Matar wana tana ɗakin da ke kallon namu, da ɗanta namiji da ya fara rarrafe. Doguwa ce, 'yar masu shanu daga wajen Sundimina, ko da yake Fillancin ya bar bakinta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Allah ya yi mata nono, rigarta ba ta bushewa. Iya na faɗa mata ta ce, "Haba Iya, wannan ai ba abin tambaya ba ne," ta shigo da kanta ta sunkuya ta ɗauki yarinyar daga gefena. Ta ce mini, "Maijego, ke dai ki ji da jikinki." Na ce to. Ina kallo ta fita da ita, labule ya koma ya rufe.

Da muguwa ce da na ji sauƙi. Da ta yi mini gori ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ita ke dama mini kunu, ita ke wanke mini zannuwa, ga goyo biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu alkunya tsakaninta da 'yata. Tana da damar duk abin da aka hana ni. Ina kwance a ɗaki zan ji ta a tsakar gida tana kiran sunan yarinyar, tana jan ƙarshensa, tana lanƙwasa shi, tana yi masa 'yar waƙa. Sunan da ban taɓa ɗanɗana shi a bakina ba, ita tana ta barbaza shi tun safe, kaji ma sun haddace. Kishi na yi, ba na ɓoyewa. Na yi kishin da ya fi ƙurjin zafi, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don wadda ba ta isa ta ce tana son 'yarta ba, ta yaya za ta ce an ƙwace mata ita?

Da ƙurjin ya nuna, Iya ta aika wa wanzami ya zo ya yi sakiya, wato ya gasa ƙarfe a wuta ya huda. Har ya iso zaure da zabirarsa. Wana ne ya hana. Ya taɓa kwanciya a babban asibitin Birnin Kudu da ciwon ƙafa, tun daga nan ba ya jin kira a kan asibiti. Suka yi ta sa-in-sa da Iya, a ƙarshe ya sallami wanzami da goro, ya ce gobe za mu bi motar kasuwa zuwa asibitin. Aka bar yarinya a gida, don me za ta je yi, ga abincinta nan a ɗakin da ke kallon namu.

Duk ramin da motar nan ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Tsorona ɗaya, wuƙa. Akwai wata mata a garinmu da aka tsaga mata nono, ya warke ya bar tabo ya shanye, ba ta ƙara shayarwa da shi ba. Ina zaune a kan bencin asibiti ita nake tunawa.

Likitan baƙo ne, ɗan ƙasar waje, ba ya jin Hausa sai sannu. Nas ɗin da ke fassara masa gajera ce mai faɗa, Hausarta irin ta mutanen Jos. Ya danna gefen kumburin da yatsu biyu, ya yi magana. Ta ce, "Ya ce bai yi girman da za a tsaga ba. Za mu zuƙe da allura. In ya sake taruwa a sake zuƙewa. In ya ƙi, sannan wuƙa." Ta goge wurin da wani ruwa mai sanyi, aka yi mini 'yar ƙaramar allura wurin ya mutu. Sannan ya ɗauko babbar, mai kaurin tsinken tsintsiya, da sirinji na gilashi. Na rufe ido, sai nas ta ce in buɗe in ga abin da nake ɗauke da shi. Na buɗe. Yana jan sirinjin a hankali, mugunya na hawa, rawaya mai kauri, har ta cika. Ya juye a tasa ya sake ja. Ina ji nauyin na sauka, gangar nan ta yi shiru. Hudar da ya bari ba ta fi cizon sauro ba.

Aka yi mini allurar fanisilin a ɗuwawu, aka ba ni kafso a ƙunshin takarda. Nas ta ce in shanye su duka ko da na ji na warke, don su ne ke kashe abin da ke haifar da mugunyar, allura kwashewa kawai take yi. Ta ce in dawo bayan 'yan kwanaki. Sannan ta ce, "Ki ci gaba da ba yaro nono. Ki fara da na daman, na hagun ma ki ba shi, in ya yi zafi ki tatse. Nono in ya kwanta shi ne yake zama ciwo." Na ji maganar nan kamar an yi mini bushara, na riƙe ta gam har gida.

Iya ta saurare ni har na gama, ta ce, "Shi likitan ya ga tururuwar?" Na ce bai gani ba. Ta ce, "To ni na gani." Maganar ta mutu a nan. Wana namiji ne, ya kai ni ya dawo da ni, a ganinsa ya gama nasa.

Na shiga shan kafso, zazzaɓi ya sauka, na fara fitowa tsakar gida. Gara ma da ina kwance. Yanzu da idona nake gani. Yarinya ta yi kumatu, wuyanta ya yi guru-guru, tana shan nonon matar wana tana riƙe da sarƙar wuyanta. Mata masu zuwa duba ni sai su zarce wajenta, suna cewa, "Kai, nonon nan ya karɓe ta!" Wata rana maƙwabcinmu, wani malami dattijo, ya shigo gaida Iya, ya ce to yanzu fa a sani, yarinyar nan da ɗan gidan sun zama wa da ƙanwa, babu aure tsakaninsu har abada. Matar wana ta tuntsire da dariya ta ce, "Na rasa suruka, na samu 'ya. Ai ni na ci riba." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yaƙe baki. Na tashi na zaga bayan ɗaki, na tsuguna na tatse nonona a ƙasa kamar yadda nas ta ce, ina tatsa ina kuka, ƙasa na shanyewa. Kullum abin da ke fitowa raguwa yake yi.

Zuwa na biyu aka sake zuƙewa, bai kai rabin na farko ba, kuma ya tsinke. Likita ya gyaɗa kai. Nas ta tambaye ni yadda yaro ke kama nono. Na sunkuyar da kai. Wana ne ya ba ta labarin tururuwa, yana sosa ƙeya. Ta ajiye tasar hannunta da ƙarfi, ta ce, "Malam, mu muna kwashewa ku kuna tarawa? In nonon nan ya ƙafe, babu allurar da za ta dawo da shi. Zuwa na gaba ku zo mini da jaririn, in ba haka ba kada in gan ku." Wana ya tsorata da matar nan fiye da yadda yake tsoron Iya, shi ya sa aka yarda.

Amma yarinya ba za ta yi tafiyar nan da yunwa ba, don haka matar wana ta bar ɗanta wajen Iya da kofin kunu, ta goya tawa, muka tafi mu uku har da wana. A mota wata tsohuwa ta leƙa bayanta ta ce, "Barka da arziki, kamarku ɗaya." Ta ce, "Barka kadai." Ba ta gyara ba, ni ma ban isa in gyara ba. Na juya ina kallon gonakin dawa har muka shiga Birnin Kudu.

Wannan karon allura ta shiga ta fito da ɗan ruwa kaɗan, likita ya ce an gama, sai dai in ƙarasa kafso. Nas ta fito da mu baranda ta zaunar da ni a benci, ta kwance yarinyar daga bayan matar wana. Ta dube ni ta ce, "Yaya sunanta?" Na yi shiru. Ta sake tambaya. Matar wana ta faɗa, da jan ƙarshen nan nata. Nas ta ce, "Au, 'yar fari ce. Ku da alkunyarku." Ta ɗora mini ita a cinya, ta ce in fara da na dama.

Yarinya ta shinshina, ta kau da kai. Na sake kai mata, ta banƙare, ta tsala ihu, tana ture ni da ɗan hannunta. Matar wana ta ce, "Yi shiru, yi shiru," sai kan yarinyar ya juya wajen muryar, bakinta a buɗe. Ita kuma, ba da wata manufa ba, na sani, hannunta ya miƙo da kansa zai ɗauka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Matar Yaya, bar mini 'yata!"

Da ƙarfi na faɗa, har mutanen ƙarshen baranda suka waiwayo. Wana ya dubi ƙasa, kunya ta kama shi a madadina. Matar wana ta tsaya da hannu a miƙe, ta dube ni, ni ma na dube ta, ban sauke ido ba. Sai ta janye hannun ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce wa mijinta, "Malam, zo ka raka ni kasuwa, Iya ta ce in sayo mata kanwa." Iya ba ta ce ba, kanwa tana nan cike da tukunya a gida. Suka fita ta ƙofar asibiti, ba ta waiwayo ba.

Aka bar ni da yarinya mai ihu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ma gumi ya jiƙa ni. Nas ta matso ɗan nono ta shafa mata a leɓe, ta ce in riƙe ta da kyau in daina riƙe ta kamar kayan aro, sannan aka kira ta ciki ta tafi. Wata mata mai jinyar ɗanta ta ce in jijjiga, wata ta ce in yi mata magana, ai jariri murya yake bi. Na ɗaga kai na duba barandar nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Babu Iya, babu wana, babu ko mutum ɗaya daga garinmu. Ba wanda zai kai labari. Na yaye mayafin, na dubi fuskar 'yata sosai a cikin hasken rana, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta. Na kira sunanta a hankali. Na sake kira, na ja ƙarshen.

Ta tsagaita. Ta yi ajiyar zuciya irin ta jarirai, ta lalubo, ta kama. Zafin ya tashi daga kan nonon har tsakar kaina, ban motsa ba. Ta ja, ta saki, ta yi ƙorafi don bai zubo kamar wanda ta saba ba, ta sake kamawa. Da ta gama da na dama na juya ta na hagun, gefen hudar allura, ta sha shi ma. Ba ta mutu ba, ko atishawa ba ta yi ba, barci ta yi.

Can suka dawo. Gaban rigar matar wana ya jiƙe sharkaf, nono ya cika ya zubo mata a kasuwa. Ta zauna a can ƙarshen benci da ƙullin kanwarta, ba ta matso ba, don kada yarinya ta ji ƙamshinta. Ni na goya a komawa. Da muka isa gida ita ce ta riga ni magana, ta ce, "Iya, likita ya zuƙe mugun nonon kaf da allura, a gabana aka yi. Wanda ya rage mai kyau ne." Iya ta dubi yarinya tana barci a bayana, ta ce to Allah ya sa. Ba a ƙara kamo tururuwa ba.

Abin da na faɗa a baranda kuwa, matar wana ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Da wata ce da kafin magariba garin ya ɗauka, a yi ta yi mini dariya har in tsufa. Ta rufa mini asiri, kuma wannan ma ya ƙara mini haushinta, don ya zama ko a nan ta fi ni.

Na shayar da 'yata har yaye, da nonon biyu. Amma ina komawa garinmu alkunya ta dawo inda take, sunan ya koma cikin cikina. Yarinya ta tashi tana kirana Adda, yadda ta ji ƙannena na yi, matar wana kuwa Inna. Ko bayan na koma gidan mijina, da an ba da hutun makaranta sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta wajen Inna. Ita ta fara gaya wa ta ga jini, ita ta fara gaya wa akwai mai sonta. Ni sai dai in ji daga baya. Na haifi wasu bayanta, na kira sunayensu har na gaji, na yi musu wasa a gaban kowa. Bai cike gurbin ba. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da matar wana, muna biki tare muna makoki tare, ban taɓa ganin ta rungume yarinyar nan ban kau da ido ba.

Matar wana ta rasu shekarun baya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Muka zauna karɓar gaisuwa a tsakar gidan nan dai, ni da 'yata a tabarma ɗaya, ita ma lokacin ta aurar da tata 'yar farin. Mata na shigowa suna tsallake ni suna durƙusawa gabanta, suna cewa, "Ya haƙuri? Rashin uwa sai haƙuri." Ina zaune ina amsa amin. Da mutane suka ɗan ragu, sai ta kife kanta a cinyata tana kuka, rabonta da cinyar nan tun tana shan nono. Iya ta daɗe da rasuwa, wana ya tsufa yana zaure, ban ga wanda ya rage da zan ji kunyarsa ba. Na dafa kanta na kira sunanta.

Ta ɗago da sauri tana dube-dube, sannan idonta ya tsaya a kaina. Ta ce, "Adda, ke ce? Wallahi na zaci Inna ce. Haka take faɗinsa."

Ban musa ba. A bakinta na koya, ina kwance a ɗaki da ƙurji ina jiyo ta daga tsakar gida.